Tafkin Kainji: Wuraren shaƙatawa da abin da ya kamata maziyarci ya sani

Tafkin Kainji shi ne tafki mafi girma da hannun ɗan Adam ya samar a Najeriya. Yana kwance ne a kan Kogin Neja, wanda Hausawa suka fi sani da Kwara, tsakanin Jihar Neja da Jihar Kebbi. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 135 daga madatsar ruwa ta Kainji da ke kudu zuwa wajejen Yawuri a arewa, yayin da faɗin ruwansa ya doshi murabba'in kilomita 1,300 idan ya cika. A kewayensa akwai gandun daji na ƙasa, da garuruwa masu tsohon tarihi, da ɗaruruwan tungayen masunta.

An gina madatsar ce domin samar da wutar lantarki. Yawon buɗe ido ya biyo baya ne a matsayin ƙarin amfani, kuma har yau tafkin wurin neman abinci ne ga masunta da manoma da makiyaya da masu fito kafin ya zama wurin hutun baƙi. Saboda haka duk wanda ke son ziyartarsa yana buƙatar sanin lokutan cika da janyewar ruwan, da halin jiragen da ke yawo a kansa, da kuma yanayin tsaron dajin da ke maƙwabtaka da shi.

Yadda aka samar da tafkin

An fara aikin madatsar a 1964, a zamanin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ƙarƙashin kulawar Hukumar Madatsun Kogin Neja. Haɗin gwiwar kamfanonin Italiya da ake kira Impregilo ne ya yi ginin, Bankin Duniya kuma yana cikin waɗanda suka ba da rancen kuɗin. Aikin bai tsaya ba duk da yaƙin basasar da ya ɓarke a 1967. An kammala shi a 1968, shekarar da aka tare ruwan, sannan Janar Yakubu Gowon ya buɗe tashar a 1969.

Tsayin babban bangon madatsar ya kai kimanin mita 65. An tsara tashar ne domin injuna 12, amma takwas aka girka, masu ƙarfin samar da megawat 760 a jimlace. A 1972 aka haɗe hukumar madatsun da hukumar lantarki ta ƙasa aka kafa NEPA. Tun daga 2013 kuwa, kamfanin Mainstream Energy Solutions ne ke gudanar da tashar Kainji da ta Jebba bisa yarjejeniyar jingina da Gwamnatin Tarayya.

Tare ruwan ya tilasta sauya wa kimanin mutum 44,000 matsuguni daga ƙauyuka sama da 200. Tsohon garin Bussa, hedikwatar Masarautar Borgu, ya nutse gaba ɗaya, aka gina Sabuwar Bussa a madadinsa. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai Bussawa da Kambari da Gungawa, mazauna tsibiran kogin da suka shahara da noman albasa. Ruwan da baƙo ke ratsawa a kwalekwale a yau ya lulluɓe gidaje da gonaki da maƙabartun kakannin mutanen da zai tarar a bakin gaɓa, kuma wannan tarihi bai gushe daga zukatansu ba.

Cika da janyewar ruwa

Kogin Neja na kawo wa Kainji ambaliya iri biyu a shekara. Ta farko, wadda masana ke kira farar ambaliya, tana zuwa ne daga wajejen watan Agusta zuwa Oktoba. Ruwan damina ne na kusa, daga Kogin Sakkwato da sauran rafukan yankin, kuma yana zuwa da laka mai yawa har launin tafkin ya koma kamar kunu. Ta biyu, baƙar ambaliya, ruwan saman da ya sauka ne a tsaunukan ƙasar Gini. Yana shafe watanni yana ratsa fadamun tsakiyar Mali, inda lakarsa ke kwanciya, sannan ya bi ta Jamhuriyar Nijar ya iso Kainji da tsabtarsa a tsakiyar hunturu.

Wannan ne ya sa tafkin ke kasancewa a cike a lokacin da ƙasar da ke kewaye da shi ta bushe ƙayau. Daga ƙarshen rani ruwan kan fara ja da baya saboda injunan lantarki na shan fiye da abin da ke shigowa, har ya kai mafi ƙarancinsa a wajejen Yuli zuwa Agusta. Bambancin da ke tsakanin cikarsa da janyewarsa kan kai kimanin mita 10. Idan ya janye, filaye masu albarka kan bayyana a bakin gaɓa, manoma su shuka, makiyaya kuma su koro shanu cin ciyawar burugu.

Ga maziyarci, watannin Disamba zuwa Fabrairu su ne suka fi daɗi: ruwa a cike yake, zafi ya yi sauƙi, hanyoyin daji sun bushe. Illa dai hazon hunturu kan rage nisan gani a kan ruwa. Maris da Afrilu lokacin tsananin zafi ne, sai dai a lokacin ne namun daji suka fi taruwa a wuraren shan ruwa. Farkon damina kuwa yana zuwa da guguwa mai tasowa ba zato, wadda kan tayar da igiyar ruwa a tsakiyar tafkin inda ya fi faɗi.

Ganin madatsa da yawo a kan ruwa

Madatsar kanta na daga cikin abubuwan da suka fi jan baƙi, musamman ɗaliban jami'o'i da kwalejojin fasaha masu zuwa ziyarar ƙaro ilimi. Wurin kadara ce ta ƙasa mai matakan tsaro, don haka shiga cikin tashar na buƙatar izini tun kafin ranar zuwa, kuma ba ko'ina ake barin ɗaukar hoto ba. A jikin madatsar akwai wata mashigar jirage mai ƙofofi da aka gina domin ɗaga jirgin dakon kaya daga ƙasan kogi zuwa saman tafki, shaidar burin da aka yi tun farko na mayar da Kogin Neja babbar hanyar sufuri.

Yawo a kan tafkin ana yin sa ne galibi da kwalekwalen katako mai inji, irin wanda ke jigilar mutane da kaya zuwa kasuwanni. Sanannun matsayun jirage sun haɗa da Malale da Shagunu da Rofia a gaɓar yamma, da Warra da Yawuri a ɓangaren Kebbi. A ranakun kasuwa waɗannan wurare kan cika da jirage ɗauke da buhunan hatsi da albasa da kwandunan banda da dabbobi, abin da shi kansa ya isa kallo.

Masu sha'awar kallon tsuntsaye sun fi karkata ga tsibiran Foge. Kafin a tare ruwan, Foge babban tsibiri ne a tsakiyar kogi, abin da ya rage yanzu shi ne tuddansa da fadamunsa. An sanya wurin cikin jerin fadamu masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2008. Ana ganin zalɓe da balbela da kirinjijiya da dinya, tare da tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai a lokacin sanyinsu.

Su da kamun kifi

Kafin tafkin, Sarkawa ne suka fi shahara da su a wannan yanki na kogin. Bayan tare ruwan, masunta sun yi ta kwararowa daga sassan Najeriya da ƙasashe maƙwabta, musamman a shekarun farko da kifi ya yi yawa ƙwarai saboda abincin da ciyayi da itatuwan da suka nutse suka samar. Daga baya kamun ya ragu yayin da masunta suka ƙaru.

Kifayen da ake samu sun haɗa da giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu da yauni da faliya. Akwai kuma warangi, ɗan ƙaramin kifin da ake shanyawa a rana, wanda manyan kifaye ke rayuwa a kansa. Giwan ruwa ce masu kamun kifi don nishaɗi suka fi buri, saboda girmanta da ƙarfin da take nunawa idan ta haɗiye ƙugiya. Masunta na aiki da birgi da raga da gura da ƙugiyoyi, gwargwadon lokaci da zurfin wuri.

Jihohin Neja da Kebbi suna da dokokin su da suka haramta amfani da guba da abubuwan fashewa da raga mai ƙananan idanu. An kuma haramta jan dala, wato babban tarun da ake ja zuwa gaɓa, saboda yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Waɗannan matakai sun samu ƙarfi ne a shekarun 1990, lokacin wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus na bunƙasa su a tafkin. Baƙon da ke son jefa fatsa ya kamata ya fara gabatar da kansa ga Sarkin Ruwa ko mai tunga, domin kowane yanki na ruwa yana da masu shi a al'adance, kuma su ne suka san inda aka kafa raga da inda dorina ke kwana.

Sabuwar Bussa ce mazaunin Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa, wadda ta samo asali daga shirin binciken tafkin da aka fara a 1968. A garin kuma akwai kwalejojin tarayya biyu, ɗaya ta fasahar kiwo da kamun kifi, ɗaya ta kula da namun daji.

Gandun dajin Kainji

Gandun Dajin Tafkin Kainji shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Najeriya. An samar da shi ne ta hanyar haɗe tsofaffin gandayen Borgu da Zugurma, kuma dokar da ta tabbatar da shi ta fito a 1979. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 5,340. Sashen Borgu, mai murabba'in kilomita 3,970, yana yamma da tafkin, ya ratsa jihohin Neja da Kwara har zuwa kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Sashen Zugurma, mai murabba'in kilomita 1,370, yana kudu maso gabas.

Sashen Borgu ne aka fi buɗe wa baƙi tun asali. Kogin Oli ne ke ratsa shi, kuma a bakinsa aka gina masaukin 'yan yawon buɗe ido. Da rani kogin kan tsinke ya bar gurabe masu zurfi, inda dorina da kada ke zama, sauran dabbobi kuma su zo shan ruwa da safe da yamma. Namun dajin da aka san gandun da su sun haɗa da gwanki da kanki da mariya da gwambaza da ɓauna da mugun dawa da gwaggon biri. A tafkin kansa kuma akwai ayu, dabbar ruwan nan mai shayarwa da ba kasafai ake ganinta ba.

Kainji da Yankari ne wurare biyu da aka sani zaki ya rage a Najeriya. Zakin Afirka ta Yamma na cikin dabbobin da Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta ayyana a matsayin masu fuskantar barazanar ƙarewa matuƙa. Farauta ba bisa ƙa'ida ba, da sare itatuwa, da shigar da dabbobi kiwo sun rage yawan namun dajin gandun idan aka kwatanta da shekarun farkonsa. Doka ta haramta duk waɗannan, ta kuma hana shiga gandun ba tare da izini da rakiyar jami'an gandun daji ba.

Tarihi da bukukuwa

A gangaren ruwan Bussa mai duwatsu ne Mungo Park, Baturen nan ɗan Sikotilan da ke bin Kogin Neja domin gano inda ya ƙare, ya rasa ransa a 1806. Wurin yana ƙarƙashin tafkin yanzu. Hugh Clapperton ya biyo ta Bussa a 1826, sannan a 1830 'yan uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka ziyarci Bussa da Yawuri kafin su gangara da kwalekwale har zuwa teku, tafiyar da ta tabbatar wa Turawa inda kogin ke zuba.

A Yawuri ana gudanar da bikin Rigata, wanda ya ƙunshi tseren kwalekwale da gasar ninƙaya da nuna bajintar Gungawa a kan ruwa, ƙarƙashin jagorancin masarautar. A Borgu kuwa bikin Gani ne ya fi fice, inda ake hawan dawakai da kaɗe-kaɗen gargajiya. Mai son haɗa ziyararsa da ɗaya daga cikinsu sai ya tuntuɓi masarautar da abin ya shafa, domin ranakun kan sauya daga shekara zuwa shekara.

Haɗurran ruwa

Babban haɗarin da ke kan tafkin shi ne kifewar jirgi. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya ɗauko fasinjoji fiye da ƙima ya tsage a kusa da Warra, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, inda ruwa ya tafi da sama da mutum 100, kaɗan ne aka ceto da rai. A watan Satumban 2025 wani jirgin ya ci karo da kututturen itace a ƙarƙashin ruwa a yankin Malale da ke Ƙaramar Hukumar Borgu, gomman mutane suka rasu, akasarinsu mata da yara.

Dalilan kusan iri ɗaya ne a kowane karo: lodi fiye da kima, tsufan katakon jirgi, tafiyar dare, rashin rigar kariya, da kututturan itatuwan da ba a sare ba kafin a tare ruwan a 1968. Waɗannan kututture sun fi haɗari idan ruwa ya yi ƙasa ko yana cikin hawa, lokacin da kawunansu ke dab da saman ruwa ba tare da ana ganinsu ba.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, ta hana zirga-zirgar jirage da dare, ta kuma wajabta sanya rigar kariya. Hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, wadda ke da hedikwata a Minna, ta sha raba irin waɗannan riguna ga al'ummomin bakin kogi. Amma matsayun jirage suna da yawa, jami'ai kuma ba su isa ko'ina ba, don haka kariyar farko tana hannun fasinja. Ya dace ya zo da rigarsa idan zai iya, ya ɗaure ta kafin jirgi ya tashi, ya ƙi shiga jirgin da bakinsa ya kusa taɓa ruwa saboda nauyi, ya kuma haƙura da tafiya idan hadari ya taso ko rana ta yi yamma.

Wanka da ninƙaya ma suna da nasu sharaɗi. Cutar tsargiya ta zama ruwan dare a bakin manyan tafkunan Afirka, Kainji ma bai tsira ba. Ƙwayar cutar na fitowa ne daga wasu ƙananan dodon koɗi da ke zama a ruwa marar gudu mai ciyayi, ta huda fatar mutum ta shiga jini. Alamarta da aka fi sani ita ce fitsarin jini, kuma takan ɗauki makonni kafin ta bayyana. Ana warkar da ita da maganin praziquantel, amma wanda ya shiga ruwan ya kamata ya je gwaji ko da bai ga alama ba. An hana kusantar mashigar ruwan injuna da ƙofofin sakin ruwa, haka ma ƙasan madatsar, inda ruwa ke iya ƙaruwa cikin ɗan lokaci idan aka buɗe ƙofofi. Dorina kuwa ba a matsa mata, musamman mai ɗa, kuma ba a tsayawa tsakaninta da ruwa idan ta fito kiwo.

Batun tsaro

A 'yan shekarun nan matsalar tsaro ce ta fi durƙusar da yawon buɗe ido a yankin. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun samu mafaka a cikin gandun, musamman sashen Borgu da ke haɗe da dazuzzukan kan iyaka. A 2024 cibiyar bincike ta Clingendael da ke ƙasar Holan ta fitar da rahoto kan zirga-zirgar masu tsattsauran ra'ayi tsakanin arewacin Benin da dajin Kainji. Ƙauyuka a ƙananan hukumomin Borgu da Agwara a Jihar Neja, da Kaiama da Baruten a Jihar Kwara, sun fuskanci hare-hare da garkuwa da mutane. A watan Nuwamban 2025 an sace ɗalibai da malamai sama da 200 daga wata makarantar kwana a Papiri da ke Agwara, kafin daga baya a sako su.

Ma'anar wannan ga maziyarci a fili take: bayanin da ke cikin tsofaffin littattafan yawon buɗe ido game da kwana a masaukin Kogin Oli ko zagaya daji da mota ba abin dogaro ba ne a yanzu, sai an tabbatar daga ofishin gandun da ke Sabuwar Bussa da kuma hukumomin tsaro. Halin da ake ciki ya bambanta daga gari zuwa gari, yana kuma sauyawa cikin makonni. Asarar ba ta baƙi kaɗai ba ce. Masu masaukai da direbobi da masu sayar da banda da jami'an gandun, waɗanda wasunsu suka rasa rayukansu a bakin aiki, su ne suka fi ɗanɗana kuɗarta.

Hanyoyi da shirin tafiya

Daga Abuja ko Minna, hanyar da aka saba bi ita ce ta Bida zuwa Mokwa, sannan a karkata arewa maso yamma ta Zugurma da Ibbi zuwa Sabuwar Bussa. Mai tahowa daga Ilori na iya bi ta Jebba ya haɗu da wannan hanya a Mokwa. Daga Sakkwato ko Birnin Kebbi kuwa, ana bi ta Jega da Koko a sauka Yawuri, a ƙarshen tafkin na arewa. Wasu sassan hanyoyin sun lalace, don haka tafiyar kan ɗauki lokaci fiye da yadda taswira ke nunawa, kuma ya fi dacewa a yi ta da rana tsaka.

Makaranta ko ƙungiyar da ke shirin kai ziyara ya kamata ta rubuta wa kamfanin da ke gudanar da tashar da kuma hukumar gandun tun da wuri, ta tanadi rigar kariya daidai da yawan mutanenta, har da ƙananan da suka dace da yara, sannan ta yi shatar jirgi nata na musamman maimakon shiga na kasuwa. A tafi da ruwan sha da gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro. A matsayar jirgi kuma a nemi matuƙin da ya san hanyoyin ruwan a wannan wata na shekara, a yi ciniki da shi kan adadin mutanen da zai ɗauka da lokacin dawowa gaɓa kafin la'asar ta yi sanyi.